Koyon sauka daga dutse da igiya a tafiyar mota daga Cape Town zuwa Lesotho: tambayoyi da amsoshi

Tambayoyin nan su ne suka fi fitowa daga bakin masu niyyar ɗaukar hayar mota a Cape Town, su bi gaɓar teku, su ƙare a tsaunukan Lesotho, suna kuma son koyon sauka da igiya a kan hanya. Akasarinsu ba su taɓa ɗaura ɗamarar hawan dutse ba. An faro da masu sauƙi, masu zurfin suna gaba.

Wai mece ce sauka da igiya, kuma da wane suna zan neme ta a can?

Mutum ne zai sauko daga saman dutse ko gefen kwazazzabo a kan igiyar da aka ɗaure a sama, yana zaune cikin ɗamarar da ta kama masa ƙugu da cinyoyi, yana sassauta igiyar kaɗan-kaɗan ta cikin wani ƙarfe da ke aikin birki. Duk wanda ya taɓa kallon masu yasar rijiya ya ga rabin abin. Sai dai shi mai yasa, waɗanda ke bakin rijiya ne ke zura shi, a nan kuwa birkin yana hannun mai sauka.

A Afirka ta Kudu da Lesotho kalmar abseil za ka gani a allunan talla, Turawan Ingila ne suka aro ta daga Jamusanci. Amurkawa rappel suke cewa, daga Faransanci, ma'anarta a kira abu ya dawo, domin bayan an sauka janyo igiyar ake yi ta biyo mutum. Ana danganta dabarar ga Jean Charlet-Straton, ɗan jagora daga Chamonix ta Faransa, wanda ya yi amfani da ita a 1876 da ya gwada hawan tsaunin Petit Dru shi kaɗai bai kai ba, sai a 1879 ya taka ƙololuwar. Mutanen da, a jikinsu suke naɗa igiyar, ta bi ƙarƙashin cinya ta haye kafaɗa, salon da ake kira da sunan Hans Dülfer, Bajamushen da ya mutu a fagen yaƙin duniya na ɗaya a 1915. Salo ne mai cin wando da fatar wuya, shi ya sa yanzu ba a nuna shi sai don ranar da kaya suka ɓace wa mutum.

Ban taɓa hawan dutse ba, ƙarfin damtse ma ba ni da shi. Zan iya?

Za ka iya. Ɗamara ce ke ɗauke da nauyinka. Igiya tana lanƙwashewa a cikin ƙarfen birki, gogayyar da take yi a wurin ita ke shanye nauyin, abin da ke iso wa hannu kaɗan ne. Ka tuna yadda mahauci ke naɗa igiyar bijimi sau biyu a jikin turke ya riƙe shi da hannu ɗaya, to hikimar ke nan.

Doka ɗaya ce babu sassauci a cikinta. Hannun birki, wato wanda ke riƙe da igiya a ƙasan ƙarfen, kusa da ƙugu, ba ya saki, ko ƙuda ne ya faɗa maka ido, ko ƙafarka ta zame ka bugu da dutse. Sabon shiga yakan so ya cafke igiyar da ke sama da hannu biyu saboda ita yake gani a gabansa, alhali wannan riƙon ba ya tsayar da kowa. Inda ake neman ƙarfi shi ne a ƙafa, wajen hayowa bayan an sauka, kamar yadda za ka gani a amsar da ta shafi Maletsunyane.

A ina da ina ake yin ta a wannan hanyar?

A Cape Town akwai sauka ta mita 112 daga saman Tsaunin Tebur, wanda ya haura mita 1,000 daga teku, kusa da tashar motar waya da ke kai mutane sama tun 1929. Mai son karatu na sosai yakan karkata zuwa Montagu, a kan hanyar R62, ƙaramin gari da mahayan dutse ke taruwa saboda duwatsunsa suna kusa da titi. Daga nan a gangaro babbar hanyar N2 zuwa Mossel Bay, George, Wilderness, Knysna da Plettenberg Bay. A kwazazzabon kogin Kaaimans, kusa da Wilderness, ana sauka a gefen ruwa mai zubowa. Can gaba kuma akwai gadar Bloukrans, inda ake tsallen igiyar roba daga tsayin mita 216. Wannan ba ya cikin zancenmu, babu abin da ake koyo a wurin sai ihu.

Ƙarshen tafiyar Semonkong ne a tsakiyar Lesotho, kimanin kilomita 120 daga Maseru, babban birnin ƙasar, ta hanyar garin Roma. A nan kogin Maletsunyane ke zubowa daga tsayin mita 192, kuma a gefensa ake saukar mita 204, wadda kundin bajinta na Guinness ya rubuta a matsayin sauka mafi tsawo a zubi ɗaya da ake kai masu yawon buɗe ido. Idan kana son ka ƙiyasta, ginin NECOM na Legas mita 160 ne. Sunan garin a harshen Sesotho yana nufin wurin hayaƙi, saboda feshin ruwan da ke tashi daga kwazazzabon.

Na ga ana tallar sauka ta sa'a biyu, na kuma ga kwas na kwana biyu ko uku. Ba duk ɗaya ba ne?

Ba ɗaya ba ne, kuma wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. A saukar 'yan yawon buɗe ido, ma'aikata ne suka zaɓi turke, wato abin da ake ɗaure igiya a jikinsa, su suka ɗaura igiya, su suka sa maka ɗamara suka zura igiyar a ƙarfen birki. Bayan haka akwai igiya ta biyu a jikinka wadda ɗayansu ke riƙe da ita daga sama, ko da ka suma ka saki komai ba za ka faɗi ba. Abu ne mai daɗi, hoto ma yana kyau, amma wanda ya yi shi fasinja ne. Zama a gaban mota daga Kano zuwa Legas bai mai da kowa direba ba.

A kwas kuwa duk waɗannan ayyukan da aka yi maka su ne darasin. Kai za ka ɗaura, malami ya kwance, ka sake ɗaurawa, a dutsen da bai fi mita 10 ko 15 ba, har hannunka ya haddace. Ba shi da armashi a hoto, shi ya sa mutane ke tsallake shi. Hatsarin yana zuwa ne daga baya: mutum ya sauka mita 112 a Tsaunin Tebur, ya ga ai shi ke nan ya iya, ya sayi igiya, ya tara abokai a wani dutse a gida ya zama malaminsu. Idan kuɗi ko lokaci ba za su ishe ka duka biyun ba, kuma niyyarka ka ci gaba da abin bayan tafiyar, ka ɗauki kwas ka bar doguwar saukar sai wani jiƙon.

To me ake koyarwa a kwas na gaske?

Ranar farko ta ɗamara ce da ƙulle-ƙulle. Ɗamara tana zama a saman ƙashin ƙugu, a matse ta yadda ko ka kife ba za ta zame ba. Sai ƙulli mai siffar lamba 8, da ƙullin da ake yi a jelar igiya don ya tare ƙarfen birki kada mutum ya zarce, da ƙullin Prusik, wanda Karl Prusik na Ostiriya ya fito da shi a 1931. Siririyar igiya ce ake naɗawa a jikin babbar, idan ka riƙe ta da hannu tana zamewa, idan ka saki nauyi ya hau ta sai ta cije. Da ita ake yin birki na biyu, wanda ke kama ka idan hannun birki ya kuɓuce.

Daga nan sai turke, wato abin da ake ɗaure igiya a jikinsa: ƙusoshin ƙarfe da aka kafa a dutse, ko ƙaton itace mai rai, ko dutsen da ba ya motsi. Za a koya maka kada ka dogara da guda ɗaya, da yadda ake raba nauyi tsakanin biyu, da yadda ake sa wa igiya shimfiɗa a inda take gogar kaifin dutse. Za a nuna maka yadda wanda ke ƙasa zai iya tsayar da mai sauka cak ta hanyar jan igiyar da ƙarfi. Za ku yi yarjejeniyar kira da amsa, da usur ko oba-oba a inda ƙarar ruwa ko iska ke cinye murya.

Kwas mai kyau ba ya ƙarewa sai ka koyi fita daga matsala: tsayawa a tsakiyar igiya ka ƙulle ta hannayenka biyu su huta, cire nauyinka daga kan ƙarfen idan wani abu ya maƙale, da hawa sama a kan igiyar da ka sauko da ita. Idan jadawalin da aka turo maka babu waɗannan ukun, sauka ce aka yi wa laƙabi da kwas.

Igiyar ba za ta tsinke ba kuwa?

Igiyar sauka takan kai kaurin milimita 10 zuwa 11, da zaren nailan a ciki wanda ke ɗaukar nauyi da kuma saƙaƙƙiyar riga a waje mai kare shi, ƙirar da kamfanin Edelrid na Jamus ya fito da ita a 1953. Ƙa'idar Turai ta EN 1891 ta ce irin wadda ake aiki da ita sai ta jure aƙalla kilonewton 22, wato fiye da tan biyu. Ƙugiyar ƙarfe mai ƙofa, wadda ake kira karabina, tana jure aƙalla kilonewton 20 idan nauyi ya bi tsawonta kuma ƙofarta a rufe take. Idan ta gicciye, ko ƙofar ta buɗe, ƙarfin yana faɗowa zuwa wajen 7. Dalilin da ya sa malami ke ta matsa ƙofar karabinarka da yatsa ke nan kafin ya bar ka ka matsa baki.

Nauyin mutum ba ya tsinka lafiyayyar igiya. Abin da ke yanka ta kaifin dutse ne idan tana ɗauke da nauyi tana goga, sai zafi, sai ruwan batir, wanda aka yi bayaninsa a amsar sayen kaya.

Idan kayan suna da ƙarfi haka, me ke kashe mutane?

Mantuwa, gajiya da gaggawa, kuma ba sababbin shiga kaɗai suke ci ba. Brad Gobright, ɗaya daga gwanayen hawan dutse na Amurka, ya mutu a Nuwamba 2019 a El Potrero Chico ta arewacin Meziko yana da shekara 31. Ya gama hawan lafiya, a wajen saukowa ne igiya ta ƙare masa, jelarta babu ƙulli, ta zare daga ƙarfen birki. Todd Skinner, wani gwanin, ya mutu a Yosemite ta Amurka a Oktoba 2006 da madaukin gaban ɗamararsa, wanda ya riga ya sile saboda tsufa, ya tsinke yana cikin sauka. Ƙullin da ba ya ɗaukar daƙiƙa goma, da ɗamarar da ya kamata a ce an jefar.

Shi ya sa ake bin jeri ɗaya kullum kafin a kwance igiyar tsaro da ke ɗaure mutum da turke: a duba turke, a duba ɗamara, a duba yadda igiya ta shiga ƙarfe, a duba ƙofar karabina, a tabbata jela ta kai ƙasa ko tana da ƙulli, sannan a ɗora nauyi a kan igiyar sauka a gwada tun ana ɗaure da turke. Abokin tafiya shi ma ya duba, da ido da hannu. Mai cewa rai na hannun Allah gaskiya ya faɗa, amma Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, cewa ya yi da mai raƙuma ya ɗaure ta tukuna sannan ya yi tawakkali.

Ina tsoron tsayi ƙwarai. Yaya bakin dutsen yake?

Nan ne duk wuyar take, taku uku ko huɗu na farko. Za ka juya wa sarari baya, dugaduganka a baki, malami ya ce ka kwanta baya kamar mai zama a kujerar da ba ya gani. Ni ranar farko, a dutsen da bai kai mita 15 ba, ƙafata ta dama ta kama kaɗawa kamar ta tela a kan keken ɗinki, na kasa tsayar da ita. Na durƙusa ina son in manne da dutsen, nan take takalmina ya zame, gwiwa ta daki dutse, na rataye kamar guga. Malamar da ke riƙe da igiya ta biyu ko gezau, ta bari na gama numfashi, ta ce in kalli takalmina kawai, in ware ƙafafu, in miƙe gwiwa, in tura ƙugu baya har tafin ƙafa ya zauna daram a jikin dutsen. Da na yi haka sai na ji ɗamarar ta karɓe ni, rawar ƙafar ta ɗauke.

Jiki yana gaya maka ka matso dutse, alhali sai ka nisance shi takalmi ke kamawa. Wannan ba ya shiga kai da bayani, sai an yi sau biyar ko shida a gajeren wuri. A doguwar sauka kuma akan iso inda dutsen ya shige ciki, ƙafa ta rasa abin takawa, ka tsinci kanka kana juyawa a hankali a sarari. A saukar Tsaunin Tebur akwai irin wannan wurin. Kada ka yi ta harbin iska, ka zauna cikin ɗamara ka ci gaba da sakin igiya.

Wace irin sutura zan sa? Ni mace ce mai hijabi, mijina kuma yana da gemu.

Ƙarfen birki yana haɗiye duk abin da ya kusance shi: gashi, gemu, bakin gyale, hannun riga, igiyar hula, carbi. Idan ya ja, nauyinki ne a kai, ba ya fitowa da ja, shi ya sa ake koyar da cire nauyi daga ƙarfe a kwas. Ki nemi ƙaramin hijabi na roba irin na 'yan wasa, mai kama kai, ki cusa gindinsa cikin riga, babu allura babu fil, hular kwano ta hau kai. Wando mai kauri da riga mai dogon hannu wadda ta sauko cinya suna zama da ɗamara. Abaya, zane da dogon siket ba sa yi, domin madaukan suna zagaye kowace cinya ne daban. Za ki iya ɗora abayarki har zuwa bakin dutse ki cire, wani ya sauko miki da ita.

Maigida kuma ya ajiye kaftani da babbar riga a mota. Gemu idan ya yi tsawo a tura shi cikin abin wuya, a kuma roƙi malami ya ɗan nisanta ƙarfen daga fuska da gajeren madauki. Zobe a cire. Tun wajen yin rajista ki faɗa cewa kina son mace ta duba miki ɗamara. Idan babu, malami ya nuna a jikinsa, mijinki ya ja madaukan, shi malamin ya duba da ido. Duban dai ba a tsallake shi.

Me ya bambanta saukar Maletsunyane da sauran?

Tsawon yana canja yadda igiya ke aiki. Mita ɗaya na irin wannan igiyar yakan kai giram 70 zuwa 80, ka ga mita 204 ya doshi kilo 15 ko fiye, duk yana rataye a ƙasan ƙarfen birkinka. A sama wannan nauyin shi kansa birki ne, sai ka riƙa ɗaga igiyar kana cusa ta kafin ka motsa. Kana sauka tana raguwa, birkin yana sakewa, wanda bai sani ba sai ya ga gudu ya ƙaru masa a daidai lokacin da hannunsa ya gaji. Ga zafi kuma: gogayyar mita ɗari biyu tana gasa ƙarfe, nailan kuwa narkewa yake yi, don haka tafiya a hankali ba tare da fizga ba ita ce daidai, da safar hannu ta fata.

Ba a kai baƙo can kai tsaye. Sai ya yi atisaye a gajeren dutse kusa da masauki tukuna, yawanci kwana ɗaya kafin saukar, don haka Semonkong tana cin aƙalla kwana biyu. Wajen ƙasa feshin ruwa zai jiƙa ka, dutse yana santsi, ga sanyi. Sannan babu motar da ke jiranka a gindin kwazazzabo, da ƙafa za ka hayo, hawa mai tsini, a wurin da ya haura mita 2,000 daga teku. Mutane da yawa wannan hawan suke ba da labari, ba saukar ba. Wannan dai tana cikin saukar da ake yi wa fasinja, kamar yadda aka bambance a sama.

Yaya zan gane malamin kirki?

A Afirka ta Kudu dokar yawon buɗe ido ta 2014 ta wajabta wa mai jagorantar baƙi don kuɗi ya yi rajista da hukumar lardinsa, ana ba shi kati da baji. Ka nemi gani, ba rashin kunya ba ne. Ka tambayi mutum nawa malami ɗaya ke ɗauka, da shekarar da aka fara aiki da igiyar, da abin da za su yi idan wani ya maƙale a tsakiya. Mai gaskiya yana jin daɗin irin wannan tambayar. Ƙungiyar mahaya tsauni ta ƙasar, Mountain Club of South Africa, wadda aka kafa a 1891, tana da rassa a manyan birane, wuri ne mai kyau na neman shawara.

Sauran kuma ido ne. Shi kansa yana ɗaure da turke idan ya matso baki? Yana sa hular kwano? Yana amsa waya yana ɗaura maka ƙulli? Wanda ya ce yau iska ta yi yawa a dawo gobe, alhali kuɗinka na hannunsa, shi ne naka.

Wane wata ya fi dacewa?

Yanayin wuraren biyu a saɓe yake. Cape Town ruwanta na hunturu ne, Yuni zuwa Agusta, bazararta kuma, Disamba zuwa Fabrairu, busasshiya ce amma da iskar kudu maso gabas mai ƙarfi wadda ke lulluɓe tsaunin da gajimare har a rufe motar waya. Lesotho kuwa ruwanta daga Oktoba zuwa Afrilu ne, da hadarin la'asar da aradu, a hunturu kuma dusar ƙanƙara na iya toshe hanyoyin tsauni. Maris zuwa farkon Mayu ya fi daidaita tsakaninsu. Kowane wata ka je, a Lesotho da sassafe ake shiga kwazazzabo, domin ruwan da ya zuba a wani tsauni da ba ka gani yana iya cika kogi a gabanka.

Kwana nawa zan ware, kuma yaya tuƙin yake?

Daga Cape Town ta gaɓar teku zuwa Gqeberha, wadda a da ake kira Port Elizabeth, a haura Bloemfontein, a shiga Maseru har Semonkong, ya haura kilomita 1,500. Ƙasa da kwana goma sha biyu takura ce. Ka bar kwana ɗaya fanko bayan kowace ranar igiya, saboda iska ko hadari za su soke maka wata, kuma mutumin da ɗakin kwanansa na gaba yake nisan kilomita 400 shi ne ke matsa wa malami a yi a gama. Kada ka yi tuƙin sa'a bakwai ka wayi gari a bakin dutse. Abin da aka faɗa kan gajiya da gaggawa a amsar abin da ke kashe mutane, jadawalin tafiya ne ke haifar da shi.

A hagu ake tuƙi a ƙasashen biyu, abin da Najeriya ta bari tun 1972, don haka ka kula a shataletale da wajen fitowa daga gidan mai. A manyan hanyoyin Afirka ta Kudu iyakar gudu kilomita 120 ne a sa'a. Hanyar Semonkong akwai kwalta, amma hawa ce da gangara da kwana, ga tumaki, jakuna da mahaya dawaki lulluɓe da bargo. A gangara ka sa ƙaramin giya kada birki ya ƙone, ka cika tanki a Maseru, kada dare ya same ka.

Ina da hawan jini, ƙanena kuma sikila ne. Akwai matsala?

Ku ga likita kafin ku biya kuɗi. Tsoro a bakin dutse yana ɗaga bugun zuciya da jini, fam ɗin da za a ba ka ka cike kuma yana tambayar ciwon zuciya, farfaɗiya, juna biyu da ciwon baya, kada ka ɓoye. Batun ƙanenka ya fi nauyi. Babu inda ya yi ƙasa da mita 1,400 a duk Lesotho, Semonkong ta haura 2,000, alhali Jos ma wajen 1,200 take. Ƙarancin iskar shaƙa, sanyi, jiƙewa da ƙishirwa duk suna tayar da ciwon sikila, kuma a can suka haɗu, ga asibiti da nisa. Ɓangaren gaɓar teku ya fi masa sauƙi. Mai azumi shi ma ya ɗage ranar igiya, ko ya yi amfani da rangwamen matafiyi.

Waɗanne takardu zan tanada?

Mai zuwa daga Najeriya, Nijar, Gana ko Kamaru sai da katin rigakafin cutar shawara. Lesotho ƙasa ce mai cin gashin kanta da ke tsakiyar Afirka ta Kudu, da nata sharuɗɗan shiga, kuma idan ka shiga ka fita daga Afirka ta Kudu ke nan. Wanda bizarsa ta shiga sau ɗaya ce zai maƙale a kan iyaka, don haka ka nemi mai shiga da yawa. Kamfanin hayar mota sai ya ba ka takardar izinin ƙetare iyaka da motarsa, ka faɗa musu tun ranar ɗauka. Kuɗin rand na Afirka ta Kudu yana aiki a Lesotho daidai da loti ɗinsu, amma loti ba ya karɓuwa idan ka dawo.

Inshorar tafiya ta yau da kullum sau da yawa tana cire wasannin igiya. Ka karanta, ka tabbata an ambaci sauka da igiya da kuma ɗauko mutum daga tsauni. Lambar gaggawa a wayar hannu a Afirka ta Kudu ita ce 112.

Abinci da salla fa?

A Cape Town babu damuwa, abincin halal ko'ina, ga unguwar Bo-Kaap da masallacin Auwal na 1794. Kana nisa da birnin abin yana raguwa, a Semonkong kuwa ka zo da guzurinka ko ka tsaya a kifi, ƙwai da wake. Ka yi alwala kafin a ɗaura ɗamara, cire ta da mayarwa yana nufin a sake dubawa daga farko.

In sayi kayana, ko in yi amfani da nasu?

A kwas ɗin farko ka yi da nasu, ka zo da takalmi mai kama ƙasa kawai. Idan abin ya shige ka, ka fara da hular kwano, ɗamara, ƙarfen birki da karabina masu makulli, sababbi, masu tambarin CE na ƙa'idar Turai ko na UIAA, ƙungiyar mahaya tsauni ta duniya da aka kafa a Chamonix a 1932. Gwanjo ba ya cikin wannan harkar, domin ba ka san abin da ɗamarar ta gani ba. Igiyar kasuwa ta ɗaurin kaya ko ta guga, komai kaurinta, ba a rataya rai a kanta.

Masu ƙera kayan zare suna ba su shekara 10 a mafi yawa ko ba a taɓa amfani da su ba, mai aiki kullum kuwa ba ya kai ko kusa. A tafiyar mota babban abokin gabar igiya but ne. Ruwan batir yana cinye nailan ba tare da ya bar wata alamar da ido zai kama ba, don haka kada igiya ta kwanta inda aka taɓa ajiye batir ko wayoyin tayar da mota. Jakarta daban, nesa da rana. Wadda ta jiƙe a Kaaimans ko Maletsunyane a ɗauraye ta da ruwa zalla a shanya a inuwa, a kuma bi ta da yatsu daga kai zuwa jela ana neman inda ya yi laushi ko ya kumbura.

Takardar kwas ɗin za ta samar mini aiki a turakun sadarwa ko rijiyoyin mai?

A'a. Aikin igiya na masana'antu, irin na wanke gilashin dogayen gine-gine, gyaran gadoji da dandamalin haƙar mai a teku, tsarinsa daban ne. Wanda aka fi sani shi ne na IRATA, ƙungiyar da aka kafa a Birtaniya a ƙarshen shekarun 1980 saboda aikin mai na teku. Ma'aikacinsu kullum a kan igiya biyu yake, kowace da turkenta, da na'urar da ke cafkewa da kanta idan ta farko ta gaza. Akwai cibiyoyin horonsu a Afirka ta Kudu, don haka mai wannan niyyar yana iya ƙara mako guda a tafiyarsa, kwana huɗu na horo aƙalla da ranar jarrabawa a gaban mai tantancewa daga waje.

Matakai uku ne, takardar kuma shekara 3 take yi a sabunta. Kafin a haye daga mataki zuwa na gaba sai an cika shekara guda da sa'o'i 1,000 na aiki a kan igiya, rubuce a littafin da shugaban aiki ke sa wa hannu. Kwas ɗin Montagu zai sa ƙulle-ƙullen ranar farko su zo maka da sauƙi, amma ko sa'a ɗaya daga cikinsa, ko daga saukar Maletsunyane, ba ta shiga wannan littafin.